Taro a Gidan Takaba

Malama Ramlatu ta riga ta sa ƙafa ɗaya cikin tasin Kibiya lokacin da ɗan kamasho ya gaya mata an ƙara kuɗin mota.

"Tun yaushe?" ta tambaya, ba ta janye ƙafar ba.

"Tun da komai ya ƙaru, Hajiya. Ku tambayi Sallau, ga shi nan."

Sallau direba yana tsugune yana duba taya. Bai ɗago ba ya ce, "Malama, ke kika koya mana lissafi a firamare. Yau ga lissafin ya biyo ki har tasha."

Ta biya ba tare da ta ja ba, abin da ba halinta ba ne. A wata ranar da sai ta tsayar da tashar Rano gaba ɗaya a kan wannan ƙarin. Amma yau ta tashi da wani sauƙi a ƙirji wanda ta daɗe ba ta ji irinsa ba, ta kuma ƙi tambayar kanta daga ina ya fito. Da safe har ta ɗaura leshinta mai ruwan bula, wanda take ajiyewa don ranar rabon kyaututtuka a makaranta. Sai da ta dubi madubi ta tuna gidan takaba za ta, ta ɗora babban hijabi mai ruwan toka a kai. Leshin dai ba ta cire ba.

Ƙungiyar gama kai ta malamai mata ta Rano da Kibiya a ɗakin Ramlatu aka kafa ta, tun zamanin soja, lokacin da albashi kan yi wata da watanni bai zo ba. Adashi ce da farko, daga baya ta zama asusu. Kowace malama tana zuba wani abu a ƙarshen wata, mai haihuwa ko mai jinya ta ranta ba tare da ruwa ba, in azumi ya ƙarato a raba abin da ya samu. Ramlatu ce ma'aji tun ranar farko. Ba wadda ta zaɓe ta, ba kuma wadda ta ga dalilin zaɓe. Sai da farar hula ta dawo, zaɓe ya shiga ko'ina har kwamitin masallacin unguwa, sannan wata ta ce ai ƙungiya ma ya kamata a riƙa ɗaga hannu. Aka ɗaga. Hannuwan suka tafi wajen Ummukulsum.

Ummukulsum ɗin da ta zo Rano koyon aikin koyarwa da akwatin ƙarfe ɗaya da takalmi mai ɗinki, ta sauka a gidan Ramlatu. Ramlatu ce ta nuna mata yadda ake riƙe alli, da yadda ake tsawata wa aji ba tare da an ɗaga murya ba. Ita ce ta tsaya mata a matsayin uwa ranar da Malam Ishiyaku, malamin gona na Kibiya, ya aiko neman aurenta. Har yau yarinyar ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "Yaya". Wannan ladabin ma yana cikin abubuwan da ke ci wa Ramlatu rai, don bai bar mata ko ƙofa ɗaya ta yin fushi ba.

Motar ta fita gari. Gero ya yi tsawo a gefen hanya, ruwan jiya ya cika ramukan kwalta. A gidan gaba akwai wani mutum da laƙtaye ɗaure a wuya da jaka a cinya, yana ta waiwayowa, har dai ya yi ƙarfin hali.

"Hajiya, ba ku ne na ƙungiyar malamai mata ba? Sunana Maharazu, daga banki nake. Da ma ina neman ku. Muna da ajiya mai wa'adi, abin da muke bayarwa a kai yanzu ba mu taɓa ba da irinsa ba."

"Kuɗin ruwa ke nan," in ji Ramlatu.

"To, mu lada muke ce masa."

Sallau ya yi dariya har motar ta karkace. "Lada! Malam, ka bari 'yan Hisba su ji ka. Jiya rediyo ta ce an kori manyan wasu bankuna, yau kai kana rabon lada. Bankin da ke bin mutane har cikin tasi, ai ƙishirwa yake ji."

Maharazu ya sassauta laƙtayensa. Ya ce a hankali, kamar da gilashin gaba yake magana, "An yanka wa kowane ma'aikaci kuɗin ajiyar da zai kawo kafin ƙarshen wata. Wanda bai kawo ba ya san sauran."

"Ba ni ce ma'aji ba," Ramlatu ta ce. Sannan ta ƙara da, "Tukuna." Kalmar ta fita kafin ta kama ta. Ta yi istigfari a zuci, ta mai da fuskarta ga gonaki.

Ummukulsum ce ta kawo maganar hannun jari, shekarar da aka zaɓe ta. Ta tsaya gaban mata ta ce kuɗin da ke kwance a banki narkewa yake yi, domin abin da ya sayi buhun gero bara ba ya sayen sa bana. Ajiya mai ruwa kuwa ba mai ko ambaton ta a shekarun nan da shari'a ta dawo, kowa yana kiyaye abin da yake kai wa bakinsa. Amma hannun jari ciniki ne, in ji ta, akwai riba akwai faɗuwa. Mijinta ya san wani dillali a Kano. Aka tambayi malaman addini biyu, aka samu amsa biyu. Aka ɗaga hannu, kowa ta ɗaga ban da Ramlatu. Ta ce mafi yawan jarin a bankuna za a zuba shi, bankuna kuwa da ruwa suke ci, ita ba za ta kwana a kan shubuha ba. Ta zare nata kason a gaban kowa.

Hujjar tana da ƙarfi, ta kuma san tana da ƙarfi. Abin da ba ta iya ɓoye wa kanta ba, musamman in goshinta yana ƙasa, shi ne da daga bakinta shawarar ta fito, da ta samo mata hujjar da ta fi wannan. Kuɗin nata ta bar su a asusunta na banki da ba ya haihuwa, tsadar kaya tana gutsurar su a hankali, yau da ƙyar za su sayi rabin abin da za su saya a da.

Shekarun da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Jarin ya yi ta hawa. Kafin kowane azumi mata suna fitowa daga taro da fara'a, wannan ta sayi keken ɗinki, waccan ta yi wa ɗakinta rufin kwano. Suka yi wa Ummukulsum walima, suka yi anko, suka tattara suka saya mata agogon bango. Ramlatu ta je, ta ɗaura ankon, ta yi addu'ar buɗe taro da muryar da ba ta rawa. A duk shekarun da ta riƙe asusun, ko kwabo bai taɓa ɓata ba, ko kofi kuma ba wadda ta taɓa saya mata.

Sai kasuwar ta juya. Farashi ya fara sauka tun bara, aka ce zai tashi, bai tashi ba. Ana cikin haka Malam Ishiyaku ya kwanta ciwon hanta, Allah ya yi masa rasuwa. Mata suka haɗiye maganar har aka yi sadakar arba'in. Yanzu ga azumi ya kusa, ga labarin rediyo, ba a iya ƙara jira. Mai takaba ba ta fita, akwatin takardun ƙungiya kuma yana ɗakinta, don haka shugaba Hajiya Iya ta ce a gidan za a zauna.

Ramlatu ta tsara abin da za ta faɗa tun kwana da kwanaki. Ba za ta ce "na gaya muku" ba, wannan aikin ƙananan mutane ne. Za ta bari a gama hayaniya, sannan ta miƙe ta nemi a yi wa yarinyar uzuri, ta ce ƙuruciya ce da rashin gogewa. Wannan wurin, wurin neman uzurin, shi ne ya fi mata daɗi duk lokacin da ta maimaita shi.

A ƙofar gidan ta tarar da mata sun taru a zaure, ba su shiga ba. Malama Fanta, mai koyar da Turanci a Kibiya, wadda harshenta ya fi bulalarta zafi, tana tsaye hannu a ƙugu.

"Yauwa, ga Malama. Malama, yau sai an gaya mana gaskiya. Ni na riga na ci bashin shinkafar azumi a kan rabon bana. Me zan ce wa mai kanti, in ce masa rediyo ta cinye?"

"A yi a hankali, Fanta," in ji Ramlatu, "gidan rasuwa ne." Ta ji daɗin yadda maganar ta zauna a bakinta.

A gefe, kan dakali, Malama Laraba tana zaune tana jan carbi. Ita ce mafi tsufa a cikin masu koyarwa har yanzu, bana za ta yi ritaya. Kowa ya san duk abin da ta zuba a asusun na kujerar Makka ne. Ba wadda ta iya haɗa ido da ita.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Hajiya Iya ta zauna kan kujerar roba saboda gwiwa. Sannan Ummukulsum ta fito ɗauke da akwatin ƙungiya, ƙaramin akwatin ƙarfe kore wanda Ramlatu ta saya da hannunta a kasuwar Rano. Zani ne a jikinta wanda ya sha wanki, ba kwalli, ba ɗan kunne, ba ƙamshi. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ramlatu ta dube ta, ta ga ramar ma ta karɓe ta.

Ummukulsum ta gaida Hajiya Iya, sannan ta zo gaban Ramlatu ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya, kun sha hanya. Ya jikin maigidan?"

"Da sauƙi. Ya haƙuri, Ummu?"

"Haƙuri sai godiya."

Bayan addu'a, Ummukulsum ta yi bayani a zaune, idonta a kan tabarma. Ba ta kewaya ba. Ta ce dillalin Kano ya aiko cewa takardun suna nan, sunan ƙungiya yana kansu, amma darajarsu ta zube, na bankin da ya fi yawa a ciki kuwa ko an kai kasuwa ba mai saye. Abin da ya rage a hannu shi ne ɗan abin da aka ware don rancen jinya da haihuwa. Rabon azumi babu.

"Babu?" in ji Fanta. "Babu kamar yaya?"

"Babu, Malama Fanta. Akwai kuma abin da ya kamata ku sani. Malam yana asibiti ya ce mini a sayar ko da faɗuwa. Na ga an riga an yi ƙasa, na ce a jira ya ɗan ɗago don kada in zo muku da asara. Shi ya ce a sayar, ni na jira. Kada wata ta ɗora masa, yana kabarinsa."

Guna-guni ya tashi daga bayan rumfar. Ramlatu ta gyara zama, ta tattara gefen hijabinta. Lokacin ya kusa. Saura kaɗan murya ta ɗaga, sannan ta miƙe.

Amma Ummukulsum ta kwance bakin zaninta, ta fito da wani ƙulli na hankici, ta buɗe a kan murfin akwatin. Ɗan kunne ne da sarƙa da zobba biyu na zinariya, kayan aurenta. Ramlatu ta gane sarƙar, don ita ta raka dangin ango sayen ta.

"Da ma yanzu ba na sa su," in ji Ummukulsum. "Kuma an raba gado, tumunina ya faɗo a gonar Zurgu. Na gaya wa yayan Malam ya nemi mai saye bayan kaka. Ba zai kai ba, na sani. A fara da Malama Laraba."

Mata suka zuba wa zinariyar ido.

Hajiya Iya ta ce, "Ke yarinya, mai da kayanki. Hannu muka ɗaga, ba ke kaɗai kika yanke ba. Wanda aka ba amana bai ci ba, bai yi wasa da ita ba, shari'a ba ta ɗora masa biya."

"Na sani, Iya. Barci ne ba na iya yi."

Laraba ta ajiye carbinta a cinya. Muryarta ƙarama ce, sai da mata suka matso.

"Ranar da aka fito da Malam Ishiyaku, ina jin liman daga nan cikin gida yana tambayar maza, wa ke bin mamaci, ya faɗa ko ya yafe. Maza suka yafe a waje, suka tafi da shi. Mu mata ba wanda ya shigo ya tambaye mu. To ni yau na tambayi kaina." Ta juya ga Ummukulsum. "Shekarun da ake samu, na karɓa na ci, ban ce ke kika ba ni ba, na ce Allah ne. Yau da aka rasa ba zan ce ke ce ba. In ina da rabon ganin Ka'aba zan gan ta. Abin da yake nawa a cikin akwatin nan, tsakanina da ke da mijinki, na yafe duniya da lahira."

Ummukulsum ta kifa kanta a kan gwiwa, kafaɗunta suna rawa.

Hajiya Iya ta share ido da gefen mayafi. "To, tunda Laraba ta buɗe, a zagaya ta dama, kamar yadda ake rabon goro. Ba dole. Wadda ba ta iya ba ta ce ba ta iya ba, ba mai ganin laifinta."

Aka fara. Wata ta faɗa da ƙarfi, wata da ƙyar, wata sai da ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Kowace ta gama sai ta matsa kusa da Ummukulsum, ta dafa ta ko ta riƙe mata hannu. Da aka zo kan Fanta ta ja tsaki, hawaye na zuba.

"Ni wallahi da faɗa na zo, har na tanadi Turancin da zan yi. Na yafe. Amma ke za ki raka ni wajen mai kanti in kin fita takaba, ya ga fuskar nan taki ko ya ji tausayi."

Aka yi dariya cikin kuka. Ramlatu tana zaune tana kallon layin yana matsowa gare ta, jawabin da ta tsara yana wargajewa kalma bayan kalma. A wurinsa wani abu ya taso wanda ba ta shirya masa ba. Ta ga tana so ta faɗa. Tana so ƙwarai, fiye da yadda ta taɓa son riƙe makulli. Tana so ta ce ta yafe, ta matsa cikin matan nan, ta sa hannu a kan wuyan yarinyar da ta taɓa kwana a ɗakinta. Ta ji kalmomin sun hau harshenta. Ta kusa da ita ta gama. Ramlatu ta buɗe baki.

"A tsallake Malama," in ji Fanta tana fyace hanci, ba da wata manufa ba. "Ita ba ta da abin yafewa, ta zare nata tun farko."

"Haka ne," in ji Hajiya Iya. "Allah ya tsare ta. Saude, ke ce."

Saude, wadda ke hannun daman Ramlatu, ta yafe, ta tashi ta tsallake ƙafafunta ta shiga cikin sauran. Tabarmar ta yi faɗi a kowane gefe.

Sauran taron bai ɗauki lokaci ba. Ummukulsum ta ce ba za ta iya ci gaba da riƙe akwatin ba, aka lallashe ta ta ƙi. Hajiya Iya ta ce to ai ba sai an yi nisa ba, akwai wadda ta hango abin nan tun kowa yana tafi, ta faɗa ba a ji ba, ba ta kuma taɓa goranta wa kowa ba. Aka ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har da na Ummukulsum, wanda ya riga na kowa. Ramlatu ta dube su. Wannan ne abin da ta yi shekaru tana gani in ta rufe ido. Ta san ba abin da ta hango. Ta ji ya kamata ta faɗi haka, ta nemi ta inda za ta fara, kafin ta samu Ummukulsum ta riga ta durƙusa a gabanta, ta ɗora mata akwatin a cinya da hannu biyu, ta sa mata makullin a tafi.

"Ya koma gidansa, Yaya. Da na ji maganarku."

Akwatin ba nauyi. Ramlatu ta ce, "Allah ya ba mu ikon riƙe amana," aka amsa da amin.

Bayan sallar la'asar aka fito da abinci, dambu da zogale a babban faranti. Mata suka kewaye shi, gwiwa na gugar gwiwa, suka sa Ummukulsum a tsakiya. Laraba tana tura mata loma tana cewa ba za ta tashi ba sai ta ga ta ci. Ita kuwa sabuwar ma'aji, ƙanwar mamacin ta shimfiɗa mata darduma ita kaɗai a inuwar ɗaki, ta ajiye mata kwano mai murfi da cokali da ruwa a kofin gilashi, kamar yadda ake yi wa babban baƙo.

Daga inda take tana jin Fanta tana kwaikwayon yadda mai kanti zai zare ido, tana jin wata tana cewa bana sai dai a yi buɗa-baki da kunu zalla, a haɗu gida-gida a sha tare. Sai ta ji dariyar Ummukulsum, gajeriya, irin ta wadda ta manta yadda ake yi.

Ramlatu ta ajiye akwatin a gefe, ta ɗauki kwanonta, ta yunƙura za ta tashi.

"A'a, Malama, yi zamanki," Fanta ta ɗago hannu mai maiƙo. "Nan matsi ne, sai mu ɓata miki leshi. Girmanki ne."

Ramlatu ta dubi ƙafarta. Hijabin ya ɗage, bakin leshin mai ruwan bula ya fito yana ƙyalli. Ta koma ta zauna, ta ja hijabin ta rufe shi. Ta yi bisimilla ta buɗe kwanon. An sa mata tsokar da ta fi kowace girma.